Yadda Za Ka Tallafa wa Gidan Marayu, Tun Daga Ziyarar Farko Har Zuwa Riƙon Yaro

Ranar da na fara taka ƙafa cikin gidan marayu ana cikin goman ƙarshe na azumi. Na cika bayan mota da katan-katan na biskit da alawa da lemo, da ƙullin tsofaffin kayan yarana. Hajiyar da ke kula da gidan ta tarbe ni da fara'a, ta yi godiya, ta sa aka kwashe kayan. Da na miƙe zan tafi sai ta ce, "Malam, zo ka ga wani abu." Ta buɗe mini sito. Buhunan shinkafa jibge sun kusa taɓa rufi, ga taliya, ga biskit irin nawa da wasu suka riga ni kawowa. Sai ta ɗauko gwangwanin madarar jarirai guda ɗaya ta girgiza shi kusa da kunnena. Ta ce, "Ita ke nan ta rage mana, kuma jarirai huɗu ke shan ta. Kowa da azumi yake zuwa. Bayan Sallah ƙofar nan shiru za ka ji ta har watan layya."

Maganar nan ta zauna mini a rai. Yaron da ke gidan marayu yana cin abinci a watan Safar kamar yadda yake ci a Ramadan, kuma abin da ya fi rasa shi ne mutumin da zai gani yau, ya sake ganin sa gobe. Duk matakan da zan kawo a kan wannan suka ginu.

Fara da sanin su wa ke ciki

Sunan "gidan marayu" yana rufe abubuwa da yawa. Maraya na ainihi, wanda mahaifinsa ya rasu kafin ya balaga, a ƙasarmu galibi dangi ne ke ɗaukar sa, kaka ko baffa ko gwaggo. Waɗanda ke ƙarewa a waɗannan gidaje yawanci tsintattu ne: jaririn da aka yar a kango, ko a bola, ko bakin kwata, ko ƙofar masallaci, ko wanda uwa ta sulale ta bari a gadon asibiti. Akwai yaran da suka ɓace wa iyayensu a tasha ko kasuwa ba su iya faɗin sunan unguwarsu ba. Akwai 'ya'yan mata masu taɓin hankali da ke yawo a titi, da yaran da aka gudu aka bari saboda wata naƙasa da aka haife su da ita. Wasu kuma iyayensu na raye, talauci ne ya kawo su.

Rayuwar gidan daga nesa kamar ta kowane babban gida ce. A tashi da asuba, a yi wa ƙanana wanka bi da bi, a sha koko, manya su tafi makarantar boko, da yamma Islamiyya. Bambancin yana ɗakin jarirai. Ka shiga ka ga gadaje jere, amma ɗakin tsit. Da farko na ɗauka alamar jin daɗi ce. Daga baya na gane cewa jaririn da ya yi ta kuka ba a zo ba, a ƙarshe daina kukan yake. Na ga wata 'yar wata tara zaune a gadonta tana ta rausaya jikinta gaba da baya, tana lallashin kanta da kanta. Mai rainon ɗakin ba muguwa ba ce. Hannu biyu gare ta, yara kuma sun fi ƙarfin hannu biyu.

Masana sun daɗe da auna wannan. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a Romaniya a 1989, duniya ta ga gidajen marayun ƙasar maƙare da yara. A shekarar 2000 wasu masu bincike daga Amurka suka fara bibiyar yara 136 daga gidajen marayun Bucharest, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Waɗanda suka koma cikin iyali sun fi samun ci gaba a magana da fahimta da shaƙuwa da mutane, musamman waɗanda aka ɗauke kafin su cika shekara 2. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 kan kula da yaran da ba sa hannun iyayensu ma sun ce yaro ɗan ƙasa da shekara 3 cikin iyali ya kamata a raine shi. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mataki na farko: tabbatar da gidan

Gidaje iri biyu ne. Akwai na gwamnati, kamar Gidan Marayu na Nassarawa a Kano, wanda ke ƙarƙashin ma'aikatar harkokin mata ta jiha. Akwai kuma na ƙungiyoyi da na ɗaiɗaikun mutane, tun daga ƙanana na unguwa har zuwa manya irin SOS, wadda Hermann Gmeiner ya kafa a Ostiriya a 1949, take da rassa a Gwagwalada da Jos, da kuma Yamai da Tawa da Doso a Nijar. Tsarin SOS shi ne a haɗa yara kaɗan a gida ɗaya da uwa ɗaya da za su tashi a hannunta.

In gidan mai zaman kansa ne, kada ka ji nauyin tambaya. Nemi ganin takardar rajistarsa da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, wato CAC, da izinin ma'aikatar mata ko ta walwalar jama'a ta jihar. Tambayi ko kowane yaro yana da fayil: ranar da aka kawo shi, wa ya kawo shi, da rahoton 'yan sanda. Dubi asusun bankin, da sunan gidan yake ko da sunan wani mutum. Gidan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, sau da yawa ma daɗi suke ji an tambaya.

Dalilin wannan taka-tsantsan ba ɓoyayye ba ne. Safarar yara gaskiya ce a Najeriya, shi ya sa aka kafa hukumar yaƙi da safarar mutane, wato NAPTIP, a 2003. Mutanen Kano ba su manta da yara tara da aka sace daga unguwanninsu aka gano su a jihar Anambra a 2019 ba. Duk inda ka ji ana maganar farashin jariri, ko aka ce za a ba ka yaro ba tare da sa hannun hukuma ba, ja da baya ka kai rahoto.

Mataki na biyu: tambaya kafin sayayya

Kira shugabar gidan ko ka je da kanka hannu rabbana, ka ce, "Hajiya, me ya fi ƙare muku a wannan watan?" Amsar za ta ba ka mamaki.

Madarar jarirai ce kan gaba kusan kullum. Jaririn da ba shi da nonon uwa yana shan kusan kilo 20 na garin madara a wata 6 na farko, wato wajen gwangwani 50 mai giram 400. Ka lissafa wannan da jarirai huɗu ko biyar. In za ka saya, tambayi irin wadda suke sha da matakin shekarunta, domin ta ɗan wata 2 daban take da ta ɗan wata 8, kuma yawan sauya wa jariri madara yana ɓata masa ciki. Duba ranar lalacewarta a gindin gwangwani. Madarar gari ta shayi ba ta maye gurbinta.

Bayan madara sai kunzugu, wanda jariri ɗaya kan ɓata shida zuwa takwas a yini. Sai sabulun wanka da na wanki, man shafawa, maganin kashe ƙwayoyin cuta na goge ƙasa, gidan sauro, leda ta shimfiɗa a katifa, da audugar mata ga 'yan matan da suka fara girma, abin da kusan ba wanda ke tunawa da shi. A ɓangaren abinci, hatsi yakan samu. Abin da ke wuya shi ne ƙwai, wake, kifi, gyaɗa, manja, kayan miya da 'ya'yan itace, waɗanda su ne ke gina jikin yaro. Ga gas ko itacen girki, ga kuɗin wuta, ga gyaran famfon burtsatse in ya lalace.

Game da tsofaffin kaya, ƙa'idata ɗaya ce: abin da ba za ka sa wa ɗanka ya fita da shi ba, kada ka kai. Wanke, goge, ka ware su bisa shekaru. Da Sallah kuwa, in da hali, karɓi awon yaran ka kai wa tela a ɗinka wa kowa nasa. Yaron da duk rayuwarsa kwance yake sawa ya san bambancin rigar da aka ɗinka da sunansa.

In ka kai kaya, a rubuta su a littafin gidan ka sa hannu. Wannan kariya ce gare ka da su baki ɗaya.

Mataki na uku: ladabin ziyara

Nemi izini kafin ka je, ka kauce wa lokacin makaranta da na barcin rana. In kana mura ko tari, ɗaga ziyarar, domin cuta ɗaya in ta shiga ɗakin jarirai sai ta zagaye shi. Wanke hannu kafin ka ɗauki kowa.

Ajiye waya a aljihu. Na san wasu na cewa hoto yana zaburar da jama'a su ba da taimako, amma yarinyar da ka ɗora fuskarta a Facebook da rubutun "an tsince ta a bola" wata rana za ta kai munzalin aure, kuma intanet ba ta mantuwa. In dole ne ka nuna wa waɗanda suka ba ka amana cewa kaya sun isa, ɗauki hoton kayan da rasit.

Kada ka tambayi yaro ina mamansa. Kada ka yi zancen asalinsa a gabansa da zaton bai gane ba. Kada ka zaɓi mai kyau ko mai fara'a ka yi ta ɗauka, sauran na kallo. Mai naƙasar da ke kwance a kusurwa shi ya fi kowa daɗewa ba a taɓa shi ba.

Abu mafi nauyi shi ne alkawari. Za ka ga ɗan shekara 3 ya ruga da gudu ya rungume ƙafarka yana cewa "Baba, Baba", alhali bai taɓa ganin ka ba. Zuciya takan narke, har mutum ya ce, "Gobe zan dawo in tafi da kai." Kada ka faɗa. Wannan rungumar kowane baƙo alama ce ta yaron da bai samu mutum ɗaya tsayayye da zai shaƙu da shi ba, kuma kowane alkawarin da aka saɓa yana ƙara masa tabo. In ka ce ranar Asabar, to ranar Asabar ta same ka a can.

Mataki na huɗu: mayar da shi na wata-wata

Nan ne aikin yake. Zaɓi abu ɗaya da ƙarfinka zai iya ɗauka duk wata ba fashi, ko da kiret ɗin ƙwai ne ko gwangwanin madara biyu. Mai kula da gida tana iya tsara wata a kan ƙaramin abin da ta tabbata zai zo, amma ba ta iya tsara komai a kan babbar kyautar da ba ta san ranar zuwanta ba.

In ba ka iyawa kai kaɗai, ku haɗu kamar yadda ake adashe. Mutum goma sha biyu na wurin aiki ko masallaci ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, kowa ya ɗauki wata guda, a naɗa mai tunatarwa da mai riƙe lissafi. Da gangan ku fi ba da ƙarfi a watannin da ba kowa: bayan ƙaramar Sallah, da tsakiyar damina lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara, da hunturu lokacin da ake buƙatar barguna da rigunan sanyi.

Kada ku manta da masu raino. Waɗannan mata su ke kwana a tsaye da mai zazzaɓi, su ke wanke kashi da amai, kuma albashinsu bai taka kara ya karya ba. Idan mai raino ta gaji ta bar aiki, a wurin yaran tamkar an sake yar da su ne. A ganina, ɗaukar nauyin albashin ƙarin mai raino guda ɗaya a ɗakin jarirai, ta hanyar shugabannin gidan, ya fi sabon fenti da allon suna amfani nesa ba kusa ba. Turmin atamfa da Sallah da kalmar "sannu da ƙoƙari, Inna" ma suna da nasu tasirin.

Sana'arka ma tallafi ce. Ma'aikaciyar jinya ta duba yara sau ɗaya a wata, malami ya yi musu bitar karatu, mai gyaran famfo ya gyara, wanzami ko mai aski ya zo duk mako biyu.

Mai son ba da zakka ya tuna cewa maraici shi kaɗai ba ya cikin kaso takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa. Yaran suna shiga ne ta ƙofar talauci, don haka ka tambayi malami yadda za a bayar ta isa gare su kai tsaye. Gini da rijiya da kayan ɗaki kuwa sadaka da waƙafi suka fi dacewa da su. Shago ko gidan haya da aka yi waƙafinsa ga gidan marayu yana ciyar da yara bayan mai shi ya daɗe a ƙasa, kuma jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi da za a iya rubuta shi a wurinsu.

Mataki na biyar: takardu da lafiya

Wannan aiki ba ya fitowa a hoto, amma yana bin yaro har girma. Tambayi ko kowa yana da takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, domin ba tare da ita ba lambar NIN da rajistar jarrabawa duk sai sun zame masa wahala. Tambayi katin rigakafi: na ranar haihuwa, na sati 6 da 10 da 14, da na ƙyanda a wata 9. In mota ce matsalar kai su asibiti, ba da taka ranar. Taimaka a ajiye gishirin ORS da ƙwayar zinc saboda gudawa. A haɗa madara da ruwan da aka tafasa bai huce ba sosai, a bar ta ta huce kafin a ba jariri, abin da ya rage kuma a zubar in ya kai awa 2.

In kai ne ka tsinci jariri

Malaman fiƙihu sun ce ɗaukar tsintacce farilla ce a kan al'umma, in kowa ya wuce ya bar shi duk sun yi laifi. Sanyi ne ke fara kashe sabon haihuwa, don haka ka tsane jikinsa, ka naɗe shi har kai, in da mace a kusa ta manna shi a ƙirjinta. Kada a yi masa wanka, kada a ba shi ruwa ko zuma ko madarar shanu, kada a shafa komai a cibiya. A garzaya asibiti mafi kusa, a sanar da mai unguwa da 'yan sanda, ko a kira lambar gaggawa ta 112. Adana zanen da aka naɗe shi da duk wata takarda da aka bari, ka rubuta wurin da lokacin. Kada ka wuce da shi gida ka yi shiru, ko da niyyarka alheri ce. Kuma ka hana masu ɗaukar bidiyo.

Mataki na shida: riƙo

Riƙo ba baƙon abu ba ne a gidan Bahaushe. Da yawanmu a hannun gwaggo ko kaka muka tashi. Abin da ke sa mutane ja da baya game da tsintacce shi ne kalmar nan mai muni da ake jifan sa da ita, alhali ba wanda ya san labarin haihuwarsa, kuma ko an sani, bai aikata komai ba. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa an kawo wa Sayyidina Umar wani tsintacce, ya hukunta cewa ɗa ne mai 'yanci, kuma ciyar da shi yana kan baitulmali. Aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta ce waɗanda ba a san iyayensu ba 'yan'uwanmu ne a addini.

Abin da Musulunci ya hana shi ne ka jingina wa yaro nasabarka, ka ce kai ka haife shi. Riƙo da ciyarwa da tarbiyya kuwa su ne hadisin Bukhari ya yi wa albishir da maƙwabtaka da Manzon Allah (SAW) a Aljanna. Ba ya cin gadonka, amma kana iya yi masa kyauta tun kana raye, ko wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarka ba. Yi wannan a rubuce da shaidu, kada ka bar shi a hannun tausayin magada. Batun muharramaka kuma shayarwa na warware shi: in matarka ta shayar da jaririn a cikin shekara 2 na farko, ya zama ɗanku na shayarwa. A mazhabar Malikiyya ko sau ɗaya nono ya isa cikinsa ya wadatar.

Hanyar ita ce ma'aikatar mata ta jiharka. Yawanci za ka rubuta takardar nema, ka haɗa da shaidar mai unguwa ko hakimi, da rahoton likita, da shaidar abin da kake samu. Jami'an walwala za su zo su ga gidanka, su tattauna da kai da iyalinka, sannan kotu ta ba da izini, kuma za su riƙa leƙowa bayan nan. Abin yana ɗaukar lokaci, ka yi haƙuri da shi. Kafin ka fara, zauna da matarka ko mijinki da manyan 'ya'ya, har da iyaye. Yaron da aka kawo gidan da rabin mutanensa ba sa so, ko aka mayar da shi ɗan aike, gara a ce an bar shi inda yake. Ku kuma shirya yadda za ku gaya masa gaskiyar asalinsa a hankali tun yana ƙarami, kafin ya ji ta a bakin wani ranar faɗa.

In kuwa ka gano cewa uwar yaron ko kakarsa na raye, talauci ne kawai ya raba su, ka yi magana da jami'an walwala. Jarin sana'a da kuɗin makaranta na iya mayar da shi ɗakin uwarsa, da kuɗin da bai kai na riƙe shi a gidan marayu ba.

Waɗanda suka girma a ciki

Masu ziyara ɗakin jarirai suke nufa, su wuce samari da 'yan mata a tsakar gida. Su kuwa su ne ke dab da fita duniya ba kawu ba baffa. Saurayi na buƙatar wanda zai kai shi wurin koyon walda ko ɗinki ko gyaran waya ya tsaya masa, ko ya biya masa kuɗin WAEC da JAMB. Budurwa na buƙatar wanda zai binciki mai neman ta kamar yadda zai bincika wa 'yarsa, da wanda zai yi mata kayan ɗaki, da gidan da za ta je wankan jego ko ta kai ƙara in zama ya yi tsami. Shari'a ta ba ta waliyyi ta hannun alƙali ko shugaba, amma ranar suna dangi ake nema a tsakar gida.

Tambayi Hajiyar gidan su wa za su kammala sakandare bana. Karɓi suna ɗaya, ka je ka zauna da shi a inuwa, ka tambaye shi me yake so ya koya, ka rubuta ranar da za ku je ku ga mai koyar da sana'ar tare.